Kiran Almuru a Bayan Shinge

SHAFI NA 19

Bismillah. Masu biyo ni da saƙo har cikin kicin, ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Ke kuma da kika rantse min Malam Lawan mutumin kirki ne, ina gaishe ki. Ki karanta har ƙasa tukuna.

*

Binta ta iso layin ƙarshe, muryarta ta yi ƙasa-ƙasa:

“Sai matar Ɗahiru ta leƙa ta kafar ƙyaure. Ga shi nan tsaye, da rigar da ya bar gida da ita. Ta duba ƙasa ta ga ko yana da inuwa, amma rana ta riga ta faɗi, kuma a wannan lokaci babu mai inuwa a duniya, da mutum da wanda ba mutum ba. Ya sake kiran sunanta. Ta riƙe sakata da hannu biyu, ba ta amsa ba. Ya kira na uku.”

Ta ɗago kai daga littafin.

“Sai me?” in ji Idi maigadi, ya miƙo wuya.

“Shi ke nan, Baba Idi.”

“Shi ke nan me? Juya takardar mana!”

Ta juya ta nuna masa. Bango ne kawai.

“Kai, amma an cuce mu!” Ya buga sandarsa a ƙasa. “Duk la'asar ɗin da na baro ƙofa na zauna nan, ashe a kan wannan za a tashi?”

Ƙarƙashin mangwaron bayan baskwata, ɗakunan ma'aikata, suke, a gidan Bature likitan dabbobi. Tun da Binta ta zo hutu daga makarantar 'yan mata, nan ake shimfiɗa tabarma kowace la'asar tana yi musu karatu. Ba mai tsawata musu, don Bature da matarsa Madan sun duƙufa ɗaure akwatuna, mulkin kai ya ƙarato, hankalinsu ya riga ya koma ƙasarsu. Littattafan kuwa Malam Malakai ne ke kawowa a bayan kekensa, wani akawu mutumin Zariya, abokin hirar gidan.

Wannan da suka gama yau labarin wani falke ne, Ɗahiru, da ya ɓata hanya ya faɗa garin da mutanensa ba su da inuwa. Duk wanda ya ci abincinsu inuwarsa ta tafi, ya zama nasu. In kuma ya kira sunanka ka amsa, kai ma ka tafi ke nan. To mai rubutun, don mugunta, bai taɓa faɗin ko Ɗahiru ya ci abincin ko bai ci ba.

“Takarda ce ta ƙare masa,” in ji Malam Lawan kuku, yana kankare goro da wuƙa. “Wancan na dodon rijiya da muka ji, ai an sare kan dodon kowa ya watse. Haka ake labari.”

Malam Malakai ya yi dariya. “A'a, Malam Lawan, da gangan ya yi. Ni a ganina ma babu kowa a ƙofar. Matar ce kewa ta taɓa wa kai, take jin abin da zuciyarta ke so.”

“To rigar fa? Ai ta gan shi da idonta,” in ji Binta.

“Idon da ya daɗe yana kuka ai yana ganin abubuwa.”

“Kai dai akawu ne,” in ji Idi, “kome sai ka ce babu shi.”

Aka yi dariya. Mutum ɗaya ce ba ta yi ba.

Uwani, mahaifiyar Binta, mai rainon 'ya'yan Madan, kuma matar Malam Lawan, tana gefe da faifan shinkafa a cinya tana tsinta. Tun da aka kai wurin sakatar nan hannunta ya tsaya cak.

Ku da kuke tare da ni tun farko kun san ba Uwani aka raɗa mata ba. Dije ce, mutuniyar ƙasar Ringim. Ranar da ta fara shigowa gidan nan da Binta a goye, Malam Lawan ya ce sunan mahaifiyarsa gare ta, bakinsa ba zai iya faɗa ba, ya sa mata Uwani. Sunan ya bi ta. Duk wanda ya zo daga baya bai san wani suna ba sai shi.

Kun kuma san abin da ya kawo ta. Mijinta na fari, Zubairu, an ɗebe shi yaƙin Turawa a ƙasar Bama tana da ciki. Aka aiko wa dagaci cewa ya mutu. Ta yi takaba, dangin miji suka nuna mata hanya, ta taho Kano neman abin da za ta ci da marainiyarta. Malam Lawan ya yi ta nemanta da aure tana ƙi, don zuciyarta ba ta yarda da mutuwar da ba a ga gawa ba.

Amma akwai abin da ba wanda ta taɓa faɗa wa, ko 'yar da ta haifa.

Wata damina, da almuru, tana kwashe shanya a bayan baskwatan nan, aka kira ta daga bayan shinge. Da sunanta na gida. Da muryarsa.

To wa ke amsa kiran da bai ga mai yinsa ba, da almuru, kuma da muryar mamaci? Tun tana ƙarama aka ja mata kunne. Ta yar da shanyar, ta suri 'yarta, ta shige ɗaki ta danna sakata, ta toshe kunnuwa tana a'uziyya har kiran ya ɗauke. Daga ranar ta sakankance lallai ya mutu, tunda ga fatalwarsa ta zo. Kafin kaka ta amsa wa Malam Lawan.

Shekara goma da ɗoriya ke nan tana kwana tana tashi a kan wannan. In fatalwa ce, ta tsirar da kanta da 'yarta. In kuwa ba fatalwa ba ce fa? Wannan tambayar ce ba ta taɓa bari ta gama shigowa ranta ba. Binta kaɗai gare ta a duniya, ba ta sake haihuwa ba, kuma abin da take tsoro fiye da mutuwa shi ne ranar da yarinyar nan za ta ɗaga ido ta tambaye ta.

“Ni dai,” in ji Binta, ta rungume littafin, “na ce mutum ne. Ɗahiru bai ci abincinsu ba. Kun manta garin rogon da matar ta ƙulle masa a gefen riga? Shi ya yi ta lasa. Ya sha wuya ya dawo gida, aka bar shi a waje. Wallahi matar nan muguwa ce.”

“Fatalwa ce.”

Kowa ya waiwayo. Uwani ba ta cika sa baki a hirar nan ba.

“Inna, ta yaya kika sani?”

“Na sani.”

“Ai littafin bai faɗa ba.”

“Ba sai ya faɗa ba. Mutumin da aka ce ya tafi ya tafi. Wanda ya dawo da almuru yana kiran suna ba shi ba ne. Matar nan ta yi daidai, Allah ya yi mata albarka.”

“Haba Inna! Ko ‘wane ne’ ba za ta ce ba?”

“In ta ce ai ta amsa ke nan.”

“To ta jira gari ya waye ta duba inuwar.”

“Ke, ki kiyaye ni!” Muryar Uwani ta tashi har shinkafa ta zube. “Me kika sani? Don kin iya haɗa baƙi shi ke nan kin san duniya? Tana da goyo a ɗakin! In ta buɗe aka tafi da ita, wa zai riƙe mata ɗan?”

Binta ta ƙura mata ido. “Inna, matar Ɗahiru ba ta da goyo.”



Uwani ta sunkuya tana tsince shinkafar daga tabarma, warwaron hannunta na ƙara. Ko yanzu ba ta ambaci sunan yarinyar ba. 'Yar fari ce, tun da ta haife ta sunan bai taɓa fita bakinta ba, daga “ke” sai “yarinyar nan”.

Malam Malakai ya yi gyaran murya. “Ai amfanin irin wannan ƙarshen ke nan. Kowa da yadda zai ɗauka, ba abin faɗa ba ne.”

Da a nan aka bar maganar, jama'a, da an tashi lafiya. To amma Idi tsohon maharbi ne daga ƙasar Katsina, kuma a duniya ba abin da yake so kamar a zo maganar aljanu ya nuna ya fi kowa sani.

“Uwani, ki yi haƙuri, amma yau ina bayan 'yarki,” ya ce, ya gyara zama. “Ni na kwana a dawa, na san na ɓoye, na san na sarari. Ba duk kiran almuru ne na iska ba. A gidan nan ma an yi irinsa, ni ganau ne.”

Wuƙar Malam Lawan ta tsaya a kan goro.

“Idi, rana ta yi ƙasa. Tashi ka koma ƙofa.”

“Bari in gama mana, Kuku. Ai kai ma ka sani. Daminar da tsawa ta tsaga rimin ƙofar gida, lokacin ban daɗe da kama gadi ba.”

Uwani ta ji kamar an zuba mata ruwan randa a baya. Daminar ce.

“Ranar Bature yana da baƙi, motoci cike da ƙofa. Sai ga wani bawan Allah da tsohon kakin soja, ƙafa ɗaya, yana dogara sandar guragu. Duk ya rame, idanu sun zurma. Kun dai san doka, ba a barin irinmu ya tsaya a ƙofar gaba, balle ranar baƙi. Na taso masa da sanda. Ya ce don Allah in tsaya, matarsa yake nema. Wai an ce ya mutu a Bama, ashe a asibitin Indiya yake kwance, can aka yanke ƙafar. Ya je garinsu, aka ce ta taho gidajen Turawa aiki. Gida-gida yake bi ana korarsa.”

“Allah sarki,” in ji Malam Malakai.

“Na ce wace ce matar? Ya ce Dije, matar Zubairu, mutuniyar Ringim. Na ce ni dai ban san wata Dije ba.”

Littafin ya zame daga hannun Binta.

“Baba Idi, wane suna ka ce?”

“Dije. Amma don in fita hakkinsa sai na zagaya kicin na tambayi Kuku, tunda ya riga ni zuwa gidan. Ya ce babu Dije a nan, in sallame shi kafin Madan ta gani. Ko ba haka aka yi ba, Kuku?”

Malam Lawan ya kau da kai.

Shi kuwa Idi labari ya yi masa daɗi, bai lura da fuskar kowa ba.

“To ga inda nake so ku ji. Ashe bai tafi ba. Da almuru sai na jiyo murya ta bayan shingen can, ‘Dije! Dije!’ Wallahi da ban gan shi da rana ba, ni ma cewa zan yi iska ce. Da gari ya waye na je na duba. Sawun ƙafa ɗaya, ga ramin sanda a gefe, ga inda ya zauna a cikin taɓo. Ina kuka taɓa jin aljani ya bar sawu? Shi ya sa na ce Ɗahirun nan mutum ne. Da matar ta—”

“Baba Idi.”

Muryar Binta ce, amma kamar ba tata ba.

“Zubairu sunan babana ne. Dije kuma sunan Inna.”

Idi ya buɗe baki. Ya dubi Uwani, ya dubi Malam Lawan, ya sake duban Uwani.

“Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.” Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. “Uwani, ke ce? Na rantse da Allah ban sani ba. Ko ɗaurin aurenku ban je ba, ina ƙofa. Ke kuma ba ki taɓa ambatar sunan mijinki ba, kullum sai ‘uban yarinyar nan’. Ta ina zan sani?”

Uwani ba ta ji shi ba. Malam Lawan take kallo, mutumin da ta shekara goma tana kai wa ruwan wanka.

“Malam,” ta ce a hankali, “ka manta sunana ne ranar?”

“Uwani, mu shiga ciki.”

“Kai ka canja min shi. Ka ce sunan mahaifiyarka ne. Ka manta sunan mahaifiyarka ne ranar?”

“Na ce mu shiga ciki. Ba a gaban mutane ba.”

“Nan zan ji.”

Idi na ta murza hula. “Har da saƙo ya bari,” ya ce, kamar mai magana da kansa. “Kafin in kore shi ya ba ni wani ƙullin tsumma, ya ce tsarabarta ce daga Indiya, in na taɓa jin labarinta in ba ta. Ban kwance ba, amana ce. Na dai ji yana ƙara. Kuku ya ce in kawo, shi ya fi ni sanin ma'aikatan unguwar nan, zai bincika.”

Idonsa ya sauka a hannun Uwani. Na kowa ma ya sauka.

Warwaro ne na azurfa, sirara, masu zanen ganye, irin da ba a ƙerawa a Kano. Da su Malam Lawan ya yi mata toshi bayan ta amsa masa. Ya ce a kantin Kwari ya saya. Ranar har kuka ta yi, tana cewa ashe akwai wanda zai sake tunawa da ita a duniya.

Kai, maza! Allah ya isa.

Ta fara zare su. Sun daɗe a hannun, hannun kuma ya yi kauri, sai da fata ta saluɓe. Ba ta ko ji zafi ba. Ta ajiye su a kan faifan shinkafa.

“Da kayansa ka aure ni.”

Malam Lawan ya jefar da goron. Ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta fito.

“E, na yi! Sai me? Gurgu ne, Uwani! Ba gona, ba ɗaki, ba sana'a. Da na bar shi ya shigo, a daren Madan za ta watsa muku kaya waje, kin san ba ta yarda da miji a baskwata in ba ma'aikacinta ba. Ina zai kai ku? Tasha? Wa ya riƙe yarinyar nan? Wa ya durƙusa wa Bature har aka sa ta makaranta? Wannan karatun da take yi mana yau, wa ya jawo shi?”

“Ba kai ke da ikon zaɓa min ba.”

“Shekara nawa ina binki kina ce min zuciyarki ba ta yarda ba? Ranar da na samu hanya sai in buɗe masa ƙofa da hannuna? Washegari na bi sawunsa na same shi, na ce Dijen da yake nema ta yi aure ta bi mijinta ƙasar Kurmi. Ya yi kukansa ya haƙura. Kowa ya huta.”

“Baba,” in ji Binta, hawaye na zuba, “kai da nake kira Baba?”

Wannan ta soke shi, kowa ya gani. To maimakon ya sunkuyar da kai, sai ya yi abin da irinsu ke yi in an ƙure su. Ya nemi wanda zai ja su faɗa ramin tare.

“Kada ki dube ni ni kaɗai. Ni a ƙofar gaba na kore shi. Wadda ya zagaya baya ya kira fa? Tambayi uwarki.”

“Malam!” Uwani ta ɗaga hannu kamar mai tare duka.

“Ina tsaye a tagar kicin ina kallonki. Kina nan wurin igiyar shanya, tsakaninki da shi bai fi daga nan zuwa can ba. Kira ɗaya kika yar da kaya kika ruga. Da kin ce ‘na'am’, da kin leƙa ta shingen nan kaɗai, ni na isa in hana? Ni na danna miki sakata?”

Sai a lokacin ta tuna. Washegarin ranar ya kawo mata rubutun sha a ƙoƙo, ya ce na tsarin iska ne, alhali ba ta faɗa masa ta ji kome ba. Ta shanye tana yi masa godiya.

Malam Malakai ya tashi a hankali ya kama kekensa, amma ya kasa tafiya. Ya tsaya riƙe da shi.

Binta ta juyo. Ga ranar da Uwani ta shekara goma tana gudu, ta zo ta same ta a zaune a kan tabarma.

“Inna, kin ji kiran?”

Uwani ta sunkuyar da kai.

“Inna, ki dube ni. Kin ji?”

“An ce ya mutu,” Uwani ta ce, muryarta na karyewa. “Dagaci da bakinsa ya faɗa. Na yi takaba. Almuru ne, ban ga kowa ba, ga ki kina wasa a gindina. Haka aka koya mana, ba a amsawa. Don ke na ƙi amsawa.”

“Kin gane muryarsa?”

“Ke, ki ji tausayina.”

“Kin gane?”

“Na gane.”

Binta ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihu ma da ya fi sauƙi.

“Duk sallah sai ki ba ni ƙosai in kai sadaka, ki ce Allah ya kai ladan kabarinsa. A makaranta in an ce marayu su tashi, ni ce ta fari. Na tambaye ki yaya kamanninsa suke, kika ce kin manta. Kin ji muryarsa a bayan shingen nan, ko sau ɗaya ba ki ce min ba. Ko da safe ba ki je kin duba ba, Inna. Baba Idi da ba ruwansa ya je ya duba.”

“Tsoro nake ji.”

“Tsoron fatalwa, ko tsoron ki ga sawu?”

Uwani ita kanta ba ta sani ba.

Rana ta gama faɗuwa a bayan gidajen Turawa. Inuwar mangwaron ta ɓace, tsuntsaye na ta hayaniyar komawa sheƙa. Daga can nesa aka fara kiran salla, ba wanda ya motsa.

Binta ta share fuska da bayan hannu.

“Baba Idi, daga nan ina ya nufa? Ka taɓa jin inda ya mutu?”

Idi ya dube ta.

“Wa ya ce miki ya mutu?”

Uwani ta dafe ƙirji.

“Yana nan Tudun Wada,” in ji Idi, kansa a ƙasa. “Ya ce ba zai koma ƙauye a yi ta kallonsa ba. Gyaran fitilu yake, a rumfar da ke jikin masallaci. Fitilar gadina ma shi ke gyara min. Da can in na je yakan ce, ‘Maigadi, ba labari?’ Yanzu ya daina tambaya.”

Tudun Wada, jama'a! Nan da nan. In iska ta juyo har ladaninsu ake ji daga baskwatan nan.

Binta ta sunkuya ta kwashe warwaron daga faifan, ta ƙulle su a gefen mayafinta. Ta ɗauki littafin ta miƙa wa mai shi.

“Malam Malakai, na gode. Don Allah raka ni.”

“Yanzu? Binta, magariba ta yi. Ki bari da safe.”

“An bar shi har da safe sau ɗaya. Ya isa.”

“Ba inda za ki!” in ji Malam Lawan.

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta zura takalmanta ta nufi 'yar ƙofar baya, wadda ma'aikata ke bi, ta jikin shingen. Malam Malakai ya dubi Uwani da ido mai ban haƙuri, ya tura kekensa ya bi bayanta.

Uwani ta yunƙura. Ta kama jikin mangwaron ta miƙe.

“Ke! Tsaya in ɗauko mayafina!”

Ƙofar ta yi ƙara, ta rufe.

“Ke yarinyar nan! Ki tsaya mu tafi tare!”

Ta isa shingen da gudu, daidai wurin igiyar shanya. Ganye ya yi duhu, ba ta ganin kowa, sai ƙarar takalmi da sarƙar keke suna nisa. Wannan karon ita ce a tsaye tana kira.

Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar suna. Ta yar da kunyar 'yar fari, ta buɗe baki, sunan ya fito da ƙyar.

“Binta!”

Takun ya tsaya.

Uwani ta riƙe numfashi, ta damƙi ƙayar shingen da hannu biyu.

“Binta! Ni ce, Innarki!”

Ta san ta ji. Tsakaninsu bai fi daga nan zuwa can ba.

Takun ya ci gaba.

“BINTA!”

Ba a amsa ba.